Minti Ɗaya Kafin Allura

 Sharhinmu na yau zai shiga ɗakin marasa lafiya ne, ya tsaya a gefen gado, daidai lokacin da ma'aikaciyar jinya ta iso da magani a hannu. Minti ɗaya ne tak tsakanin isowarta da shigar maganin nan jikin mutum. A kan wannan minti ɗayan nake so mu yi magana, domin na ga ranar da ya ceci mahaifina.

Shekarun baya na yi jinyarsa kwana tara a wani asibiti a nan cikin Kano, ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi. A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo mai ciwon suga. Ikon Allah, sunansu ɗaya, sunan mahaifansu ma ɗaya. Wani dare wajen ƙarfe goma aka ɗauke wuta, ana jiran a tada janareto, sai ga nas ta shigo da fitilar waya a hannu ɗaya, sirinji a ɗaya hannun. Ta kira suna. Mahaifina cikin magagin barci ya ce, "Na'am." Ta matso ta ce, "Baba, sannu da jiki. Faɗa min sunanka da na mahaifinka." Ya faɗa. Ta ce, "Daga wace unguwa?" Ya ce, "Mandawari." Sai ta yi shiru, ta haska katin da ke hannunta, ta haska wanda ke ƙafar gadonmu, ta gwama lambobin biyu. Ta ce, "Ba kai ba ne, Baba. Yi haƙuri na tashe ka." Ya ce, "Ba komai 'yata, Allah ya yi miki albarka." Ta juya gadon maƙwabcinmu, mutumin Ɗorayi.

A lokacin ni haushi nake ji a raina, ina cewa wace irin tambaya ce wannan da za a dami tsoho da ita cikin dare. Sai da gari ya waye na san abin da ke cikin sirinjin: insulin ne, allurar rage suga. Mahaifina ba shi da ciwon suga, kuma rabonsa da abincin kirki tun rana. Da allurar nan ta shiga jikinsa, sugansa zai faɗi yana cikin barci, ya jiƙe da gumi, ya suma, ni kuwa ina gefe a kan tabarma ina murna ya samu barci. Tambayar da ta ba ni haushi ita ce ta tsaya tsakaninsa da wannan haɗari.

Mu mutanen Gwale mun san darajar ƙofa. Da Ƙofar Kabuga, da Ƙofar Dukawuya, da Ƙofar Gadon Ƙaya, kowacce a da tana da sarkin ƙofa, wanda ba ya barin baƙo ya shige birni sai ya san ko wane ne da abin da ya ɗauko. To magani ma kafin ya isa ga marar lafiya yakan bi ta hannu da yawa: kamfani ya haɗa, ɗan kasuwa ya kawo, likita ya rubuta, mai ɗakin magani ya bayar. Kowane ɗayansu yana iya kuskure, na gabansa ya gano ya gyara. Amma ma'aikacin jinya shi ne ƙofar ƙarshe. Abin da ya wuce ta hannunsa ya shiga jini, kuma babu sirinjin da zai zuƙo shi ya dawo.

Shi ya sa duk wanda ya yi makarantar koyon aikin jinya, tun daga shekarar farko ake cusa masa abubuwa biyar da zai tabbatar kafin ya ba da magani: wa zai ba, wane magani, nawa, ta wace hanya, kuma yaushe. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu auna su da yadda muke rayuwa a nan.

Na farko, wa za a ba? A ƙasar da ɗaki ɗaya zai tara A'isha Muhammad uku da Fatima Abubakar biyu, suna kaɗai bai wadatar ba. Ga kuma alkunya. Uwa ta kawo ɗanta na fari, a tambaye ta sunansa, ta sunkuyar da kai ta ce "yaron" ko "mai sunan malam". Wata an buɗe mata kati da sunan miji, wata da sunan uba, a gida kuma kowa Hajiya yake ce mata. Kuma marar lafiyar da zazzaɓi ya galabaitar, ko wane suna aka kira zai amsa. Saboda haka ƙwararriyar nas ba ta cewa "Ke ce wance?" Cewa take "Yaya sunanki?" ta bari a faɗa da baki, sannan ta duba lambar kati. Iyayenmu mata, alkunya ado ce, amma a gaban nas a ɗage ta na minti ɗaya. In nauyin bakin ya yi yawa, a sa wanda ya rako ya faɗa.

Na biyu, wane magani? Kwalaben allura ƙanana ne, da yawansu kamarsu ɗaya, rubutun jikinsu sai an ƙura ido. Akwai magungunan da sunayensu suke kama a kunne da a takarda, ga rubutun wasu likitoci da sai an yi da gaske ake karantawa. Ƙa'idar aiki ita ce a karanta jikin kwalba sau uku: lokacin ɗaukowa, lokacin zuƙa, da lokacin ajiyewa, a kuma duba ranar da wa'adinsa zai ƙare. In rubutun likita bai fito ba, a koma a tambaye shi, ko da zai ɓata rai. Matambayi ba ya ɓata. Nas ɗin da ta tsayar da aiki ta je ta tambaya ta fi wadda ta yi kirdado daraja, ko da kirdadon ya zo daidai.

Na uku, nawa? A nan ne yara suka fi shiga haɗari, domin maganin yaro da nauyinsa ake aunawa. Ɗauki farasitamol na ruwa da ke kusan kowane gida daga Galadanci zuwa Sani Mainagge. Ana ba yaro miligiram 10 zuwa 15 ne a kan kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 ke nan ba zai wuce miligiram 150 a sha ɗaya ba, wato kimanin mililita 6 na irin wanda aka fi sayarwa. Cokalin shayi mililita 5 yake ci, cokalin cin abinci kuwa 15. Uwar da aka ce wa "cokali ɗaya" ba a nuna mata wanne ba, ta je gida ta ɗauko na cin shinkafa, ta ba ɗanta fiye da ninki biyu, kuma za ta maimaita sau uku ko huɗu a rana. Farasitamol idan ya yi yawa hanta yake ci, a hankali, ba tare da ihu ba. Aikin nas ne ta ɗora yaro a kan sikeli, ta nuna wa uwa layin da za ta tsaya a jikin murfin awo ko sirinji, sannan ta ce, "Maman yaro, nuna min yadda za ki auna." Haka nan a takarda: ɗigo ɗaya da bai fito ba yana mai da 0.5 ya koma 5, ninki goma ke nan.

Na huɗu, ta wace hanya? Akwai maganin da ake sha, akwai na tsoka, akwai na jijiya, akwai wanda sai an sirka shi a cikin ƙarin ruwa ya riƙa ɗiga a hankali. Wanda aka yi domin ya shiga cikin minti talatin, idan aka tura shi cikin daƙiƙa goma yana iya taɓa zuciya. Allurar ɗuwawu ma tana da muhallinta, can sama ta gefen waje, domin akwai babbar jijiya da ta ratsa ta cikin ɗuwawun ta sauka ƙafa. Idan allura ta same ta, yaro yana iya tashi da jan ƙafa har girmansa, a yi ta cewa shan inna ce ko iska. Shi ya sa jarirai a cinya ake yi musu.

Na biyar, yaushe? "Sau uku a rana" a wurin maganin kashe ƙwayoyin cuta yana nufin duk bayan awa takwas. Mu kuwa sai mu sha da karin kumallo, mu sha da rana, mu sha da magariba, a bar jiki awa goma sha uku babu magani, cuta ta farfaɗo. Alhali muna da agogon da ba ya tsayawa. Wanda ya sha bayan sallar asuba, ya sha da azahar, ya sha wajen tara da rabi na dare kafin ya kwanta, ya yi kusa ƙwarai da awa takwas ɗin nan. Nas ɗin da ta fassara wa tsohuwa lokutan magani da lokutan salla ta yi abin da takardar likita ba ta yi ba. Masu ciwon suga da hawan jini kuma, kafin azumi ya kama su je a sake tsara musu lokutan shan magani, kada su tsara wa kansu.

Bayan waɗannan biyar, akwai abin da ke biyo bayan allura, wato sa ido da rubutawa. Misali mafi kusa shi ne jijjiga, wadda ta daɗe tana ɗauke mana mata masu ciki a Arewa. Maganinta, magnesium sulphate, ya ceci mata masu yawa a asibitocin Kano tun da aka yawaita amfani da shi. Amma kafin a ƙara wa mace wani, dole ungozoma ta ƙirga numfashinta ta ga bai gaza 16 a minti ɗaya ba, ta buga ƙasan gwiwarta ta ga ƙafa ta motsa, ta auna fitsarin da ta yi. Idan ɗaya ya gaza, a dakata a kira likita, domin maganin da ya tsayar da jijjiga yana iya tsayar da numfashi. Sannan duk abin da aka bayar a rubuta nan take. Wanda ba a rubuta ba, mai karɓar aiki za ta ɗauka ba a bayar ba, ta sake bayarwa.

Jama'a, wani lokaci nas takan cika duk ƙa'idojin nan, amma abin da ke cikin kwalbar shi ne dafin. Ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙoran yara da aka haɗa a Legas. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara aƙalla 84 suka rasu a Najeriya, cikinsu har da waɗanda aka kai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. An samu sinadarin diethylene glycol a ciki, irin wanda ake sawa a man birkin mota, ya lalata musu ƙoda, fitsari ya ɗauke. A 1990 ma irin wannan sinadari a cikin farasitamol na ruwa ya kashe yara 109 a ƙasar nan. A 2022 ya sake ɓulla a Gambiya, yara kimanin 70 suka tafi. A irin waɗannan lokuta ma'aikatan asibiti ne suke fara lura cewa yara suna zuwa da alama iri ɗaya, su tambayi iyaye me aka ba su a gida.

Don haka inda aka sayo magani yana da muhimmanci. An kafa hukumar NAFDAC a 1993 saboda wannan yaƙi, kuma mun ga yadda a farkon 2024 aka rufe shagunan sarin magani na Sabon Gari, aka ce su koma cibiyar da aka gina a Dangwauro kan hanyar Zariya, inda za a iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Ajiya ma wani abu ce. Allurar oxytocin, wadda ake yi wa mace bayan haihuwa don tsayar da zubar jini, tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40. Wadda ta yi wata tana kan kanta a shago, ko ta kwana a jakar wata ana yawo da ita gida gida, tana iya rasa ƙarfinta, a yi wa mace ita jini ya ƙi tsayawa.

Akwai kuma darasin da Kano ta biya da tsada. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Shari'a ta ja har 2009, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma yardar da ta zube ta fi kuɗin nan tsada, kuma mun ga tasirinta a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna. Abin da ya kamata mu riƙe daga wannan tarihi shi ne haƙƙin sani. Marar lafiya yana da ikon ya ce, "Malama, wannan allurar ta mece ce?" kuma a ba shi amsa da Hausar da zai gane, ba tare da tsawa ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu masu jinya. Sau nawa nas take tambaya, "An ba shi wani abu a gida?" mu ce a'a, alhali an ba shi jiƙo, an ba shi ragowar maganin yayansa, an kuma biya kemis an yi masa allura biyu? Muna jin tsoron faɗa ne. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaron da aka riga aka yi wa allurar gentamicin a unguwa, aka zo asibiti aka ɓoye, aka ƙara masa wata, ƙodarsa da kunnensa ne za su biya. Wanda ya taɓa yin borin jini ko kumburin fuska bayan wani magani, ya faɗa tun kafin a tambaye shi. Mai ciki ta faɗa, mai shayarwa ta faɗa. A zuba duk kwalaye da kwalaben da ake sha a gida cikin leda a taho da su, har da na gargajiya.

Mu kuma rage son allura. Da yawanmu idan ba a soka mana ƙarfe ba, ko ba a rataya mana ƙarin ruwa ba, gani muke ba a duba mu ba. Wannan son ne ya buɗe kasuwar masu bi gida gida da sirinji a aljihu, waɗanda wasunsu iyakar karatunsu sun taɓa zama a shagon magani. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke ba da lasisin wannan aiki, kuma ba laifi ba ne ka tambayi mai shirin soka wa ɗanka allura ko yana da shi. Sannan idan ka ga nas tana zuƙar magani ko tana lissafi, ka ba ta minti ɗaya. Mutum biyar suna kiran "Sista, Sista" a kanta, wani yana miƙo kati, wani yana cewa ruwansu ya ƙare, a nan ne 0.5 yake komawa 5.

Ga hukumomi kuma. A watan Maris na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar da kuskuren magani yake jawowa, ta ƙiyasta cewa yana ci wa duniya dala biliyan 42 a shekara. Abin da ta jaddada shi ne yawancin kuskuren nan daga tsarin aiki yake tasowa: gajiya, ƙarancin ma'aikata, rashin kayan aiki. Wannan mun san shi ba sai an faɗa mana ba. Duk wanda ya kwana a asibitin gwamnati ya ga nas ɗaya ko biyu suna riƙe da ɗaki guda cike har asuba, ga ƙwararru suna ta tafiya Ingila da Saudiyya. Matar da ta ceci mahaifina da fitilar wayarta ta yi aiki. Bai kamata ran mutum ya rataya a kan cajin wayar ma'aikaciya ba. Ɗakin marasa lafiya yana bukatar wutar sola da ba ta yankewa, da firji mai aiki, da sikelin auna yara, da abin ɗaurawa a hannu mai ɗauke da suna da lambar kati. Waɗannan ba su kai kuɗin ginin ƙofar asibiti ba.

Abu na ƙarshe da nake roƙon shugabannin asibitoci shi ne su buɗe hanyar da ma'aikaci zai faɗi kuskurensa ba tare da an tozarta shi ba. Inda ake wulaƙanta wanda ya ce "na yi kuskure", kowa zai koyi yin shiru, marar lafiya ya rasa damar a ceto shi da wuri, kuskuren kuma ya jira na gaba. Sakaci da ganganci a hukunta su. Amma wanda ya zo da kansa ya faɗa, a zauna a binciki abin da ya jawo, a gyara. Har kuskuren da aka tare kafin ya faru, irin na daren mahaifina, ya cancanci a rubuta shi, domin gobe a daina kwantar da masu suna ɗaya gado da gado.

Na san wani zai ce ai kwana idan ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali, shi ne kuma ya ce rai amana ne. Duba kati, da karanta kwalba, da faɗa wa nas gaskiya, duk ɗaure raƙumi ne.

Mahaifina ya ƙara shekaru a duniya bayan wannan dare, ya ga auren jikokinsa. Ban san sunan matar nan ba, ban kuma gode mata ba a lokacin, saboda ban san abin da ta yi ba sai da ta tashi daga aiki. Idan tana saurare, Allah ya saka mata da alheri, ita da duk masu kwana a tsaye domin namu su kwana lafiya. Ku kuma masu sauraro, ranar da nas ta tashe ku cikin dare ta ce ku faɗi sunanku, ku faɗa da murya mai ƙarfi, ku haɗa da sunan unguwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.